Maƙwabcina Kirista ya rasu, na je gaisuwa, ɗana ya ce na saɓa

Telan Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta hana ni barci kwana uku, kuma na san a nan akwai malamai da dattawa. Maƙwabcina da muke katanga ɗaya shekara 22 ya rasu ranar Litinin. Ɗan ƙabilar Mundang ne, Kirista, kafinta. Teburin da nake yanka yadi a kai shi ya haɗa mini, kuɗin katako kawai ya karɓa. A ambaliyar 2012, da ruwan Binuwai ya shigo mana unguwa cikin dare, shi da 'ya'yansa biyu suka ɗauki kekunan ɗinkina uku a ka suka kai tudu kafin su waiwayi nasu kayan.

Da na ji kuka ta katanga sai na fita. Na ba su benci da tabarmi, na zauna a rumfar makoki, na ce wa matarsa Allah ya ba ta haƙuri ya raya yaran. Ban shiga coci ba, ban bi su maƙabarta ba. Ina dawowa gida babban ɗana ya tare ni ya ce, "Baba, arne ne fa, ba a yi wa arne ta'aziyya." Kalmar nan ta soke ni. Mutumin nan shi ya goya shi a babur zuwa asibiti ranar da kunama ta harbe shi yana ɗan shekara shida. To amma kuma ba na son in taka dokar Allah don kunyar mutum. Ku gaya mini gaskiya, na saɓa?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Kawu, Allah ya saka maka da neman gaskiya. Ɗanka bai iya magana ba, amma kada a yi watsi da abin da yake jin tsoro. A Ali Imrana aya ta 19 Allah ya ce addini a wurinsa shi ne Musulunci, a ta 85 ya ce wanda ya nemi waninsa ba za a karɓa ba. A Ma'ida 51 ya hana mu riƙon Yahudu da Nasara majiɓinta. A Tauba 113 ya hana Annabi (SAW) da muminai nema wa mushirikai gafara ko da danginsu ne. Abin da nake gani a nan Marwa ya wuce gaisuwa. Za ka ji Musulmi a gidan makoki yana cewa "Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna makoma", wani har coci yake shiga ya tsaya ana waƙa, in ka yi magana ya ce ai duk hanya ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Su ma ka tambayi fastonsu, ba zai ce maka ɗaya ba ce.

Malam Na Hausare:
Tela, kwantar da hankalinka, ba ka saɓa ba. Abu Sumayya, ɗana, ayoyin da ka kawo duk gaskiya ne, babu wadda zan taɓa. Sai dai Alƙur'ani ba a karanta shi da ido ɗaya. Buɗe Mumtahana aya ta 8. Allah ya ce bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba, mu yi musu adalci. Kalmar da aka yi amfani da ita a nan, birru, ita ce dai wadda ake faɗa a kan biyayyar iyaye. Nana Asma'u 'yar Abubakar, mahaifiyarta ta zo mata Madina tana mushirika, ta tambayi Annabi (SAW) ko ta sada zumunci da ita, ya ce ta sada. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

An wuce da gawa ta gaban Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Yaron Bayahude da ke masa hidima ya kwanta ciwo, ya taka har gidansu ya duba shi, ya kira shi zuwa Musulunci a bakin shimfiɗarsa. Ka lura, ya haɗa biyun: ya je, kuma bai ɓoye addininsa ba. Ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa, alhali akwai masu kuɗi a cikin sahabbai. Da Abu Ɗalib ya mutu bai nema masa gafara ba bayan an hana, amma ya ce wa Sayyadi Ali ya je ya rufe mahaifinsa.

Malaminmu na Malikiyya, Ƙarafi, mutumin Masar, ya warware wannan ƙullin tun ƙarni na bakwai na Hijira. Ya raba tsakanin soyayyar da ke nuna yarda da addininsu, wadda aka hana, da kyautatawa wadda aka yi umurni da ita. A cikin kyautatawar ya lissafa tausaya wa mai rauninsu, ciyar da mai yunwa, tufatar da marar tufa, taushin magana don jinƙai ba don tsoro ba, jure cutarwar maƙwabtaka, yi musu addu'ar shiriya, da kare mutuncinsu a bayan idonsu. To benci da tabarma da "Allah ya ba da haƙuri" a wane ɓangare suka faɗa?

Iyakar a fili take. Ba ka ce Allah ya jiƙansa ba, ba ka shiga ibadarsu ba, ka yi wa masu rai addu'ar haƙuri. Malamai da yawa sun halatta irin wannan ta'aziyya, wasu sun ƙi ta, amma ni a kan halaccin nake, musamman ga maƙwabci.

Abu Sumayya:
Allah gafarta Malam, na karɓa a kan ta'aziyya da wannan sharaɗin. To hadisin Muslim da ya hana fara yi musu sallama fa?

Malam Na Hausare:
Yana nan, har a Risala mun karanta shi muna yara. Sallamar Musulunci ake nufi. "Ina kwana", "sannu da aiki", "jam na", babu wanda ya hana ka su, kuma in an gaishe ka wajibi ne ka amsa.

Maman Fadila:
Malam, tun da an buɗe babin bari in kawo nawa. Ni unguwarzoma ce a Ngaundere. Mu nan da yawanmu a asibitin mishan na 'yan Norwe aka haife mu, iyayenmu mata da lulluɓinsu suke zuwa, babu wadda ta dawo gida da wani addini. A ɗakin haihuwa kuwa na sha ganin mace tana zubar da jini, a fita neman mai bayarwa, wanda ya miƙa hannu ba a tambayar sunansa Isa ne ko Isaac. Wannan ba ya damuna.

Abin da ke damuna abinci ne. Abokiyar aikina, 'yar Gbaya, duk Kirsimeti sai ta aiko mini da shinkafa da naman akuya. Mijinta mahauci Bahaushe yake kira ya yanka musu, don kawai mu maƙwabta mu iya ci. Ni kuma da layya nakan aika mata cinya guda. Bara surukata ta gani ta ce na ɓata layyar gidan. Tun ranar nake ɗauke da abin a zuciya.

Malam Na Hausare:
Maman Fadila, layyarku ba ta ɓaci ba. Amma surukarki ba daga iska ta ɗauko maganar ba. A mashhurin mazhabarmu ba wa wanda ba Musulmi ba naman layya makaruhi ne, ba haram ba. Hanbaliyya kuma sun halatta. In kina son fita daga saɓani, ki haɗa mata da wani naman daban, kaza ce ko abin da kika sayo, ki kai mata da cincin ɗin Salla. Abdullahi ɗan Amru an yanka akuya a gidansa, yana shigowa abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, ya kafa hujja da cewa Jibrilu bai daina yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai ba shi gado.

Nata abincin kuwa, Ma'ida aya ta 5 ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, balle ga shi Musulmi ne ya yanka. Alade da giyar bilbil ne ba ruwanmu da su ko wa ya kawo. Ki ci, ki mayar da kwano da wani abu a ciki kamar yadda iyayenmu suka koya mana.

Abu Sumayya:
Cin abinci daban, cewa "barka da Kirsimeti" daban. Ibnul Ƙayyim ya ce taya su murnar bukukuwan addininsu haram ne da haɗuwar malamai. Ranar ce da suke cewa an haifi ɗan Allah, mu kuma muna karanta Ƙulhuwallahu kullum.

Malam Na Hausare:
Haka ya ce. Akwai malaman wannan zamani da suka sassauta in gaisuwar maƙwabtaka ce kawai. Ni dai ba na faɗa. Nakan ce "a yi hutu lafiya, Allah ya bar mu tare cikin aminci", kuma ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba.

Jikan Dutse:
Ku yi haƙuri dattawa, kuna ta maganar nama da gaisuwa, amma abin da ya soki Tela kun wuce shi. Ya ce kalmar ce. Arne. Ni zan yi magana a kanta, domin a jikina take.

Kakana Bamafe ne daga duwatsun Mokolo, bai taɓa salla ba har ya mutu. Ubana ya musulunta a zamanin Ahijo, shugaban Kamaru na farko. Ni a cikin Musulunci aka haife ni, Hausa na fara ji a kasuwa da makarantar allo, na sauke Alƙur'ani ina da shekara 17. Da na je neman aure, kawun yarinyar ya ce ba sa ba ɗan kirdi, wato ɗan arne. Ina jin sa ta bayan zana. Ba a tambayi sallata ba, ba a tambayi sana'ata ba. Wato kalmar nan ko ka yi kalmar shahada ba ta sakin ka. To ashe ba addini take aunawa ba.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan inda ta samo asali. Mutanen duwatsu ba don sha'awa suka hau can suna noma a kan tsakuwa ba. Mahaya dawaki suke gudu. Hamman Yaji na Madagali ya yi shekaru yana kai hari kan ƙauyukanmu yana kwasar mutane bayi, shi da kansa ya sa aka rubuta abin da ya kamo, har Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Wannan ba zamanin Fir'auna ba ne, kakata ta ga waɗanda aka tafi da 'yan'uwansu. Duk wanda za ka kama ka sayar, sai ka fara sa masa sunan da zai sa ka daina ganin sa mutum. Arne, kirdi, kaɗo, aikin da suka yi ke nan. Ku Hausawa ma ai kun san ɗacin a ce muku Haɓe.

Sai a 1959 wani fada ɗan kudu, Simon Mpeke, ya zo Tokombere. Ba takalmi yake yawo a duwatsu, yana zama da tsofaffi yana sauraron su, har suka sa masa Baba Simon. Ya rasu a 1975, har gobe sunansa na bakin mutane. Mukan zauna muna tambaya me ya sa rabin dangina suka bi mishan. Ga amsar. Wani ya zo da makaranta da magani ya kira su da sunansu, mu da muke da gaskiya a hannu muka tsaya daga ƙasa muna kiran su arna. Ƙanwar ubana Kirista ce, akwai kuma kawuna da har yanzu yake zuba giya a tukunyar kakanni. Ina son su musulunta fiye da yadda nake son komai. Amma da wane baki zan kira su, in sun ji abin da 'yan'uwana suke kiran su da shi?

Abu Zarri ya gori wani da uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai. A An'am 108 ma gumakan da suke bauta wa aka hana mu zagi. Gumaka fa. Ina ga mutanen.

Direban Kusiri:
Jikan Dutse ka gama magana. Kuma irin wannan karatun na "arne ne fa" mun ga inda ya kai mu. 'Yan Boko Haram sun ɗauke wani fada a Ngecewe a 2013, wasu suka ce ba ruwanmu. A Fabrairun 2015 suka shiga Fotokol suka yanka mutane har cikin masallaci. A Janairun 2016 bam ya tashi a masallacin Kuyape ana sallar asuba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya koyi raina jinin Kirista, gobe naka zai raina. Samarin da ke kawo mana ayoyi ɗaya bayan ɗaya su yi hattara.

Abu Sumayya:
Yaya Direba, in da ni kake, ka zalunce ni. Ranar 22 ga Yulin 2015 da bam ya tashi, ina bakin babbar kasuwar Marwa. Da hannuna na ɗauki mutane, ban san wane ne Musulmi wane ne Kirista ba, jini ya rufe kowa. Na san hadisin Bukhari cewa wanda ya kashe wanda ke da alkawarin aminci ba zai ji ƙanshin Aljanna ba, kuma ina karantar da shi. Mu da su katin ɗan ƙasa iri ɗaya ne a aljihunmu, jininsu da dukiyarsu haram ne a kaina. Amma in duk wanda ya ce a tsare aƙida za a jingina shi da waɗancan mutanen, to samari za su daina tambaya a fili, su koma tambaya a ɓoye wurin wanda bai kamata ba. Wannan ya fi haɗari.

Jikan Dutse, maganarka ta shige ni. Ni ma bakina ya saba da kalmar nan. Kafiri hukunci ne na shari'a da ke cikin littafi, ba zan goge shi ba. Arne kuwa zagi ne, na yarda.

Direban Kusiri:
Ƙanena ka yafe ni, zafin abin ne ya ɗebe ni. Ba kai nake nufi ba, amma na ga yadda maganar ta fita.

Hajiya Mai Atamfa:
'Ya'yana, ni daga Njamena nake bin ku tun safe. Ina da shekara 11 lokacin da yaƙi ya ɓarke a garin nan a Fabrairun 1979, tsakanin mutanen Firaminista Habre da na Shugaba Malum. Rigimar mulki ce, amma kafin mako ya zagayo ta koma 'yan arewa da 'yan kudu, Musulmi da Kirista. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Sara ta kudu suka kwana biyu a ɗakin mahaifiyata, ta ɗaura wa matar kallabi irin namu, babana ya raka su har bakin gada suka nufi kudu. A daidai kwanakin nan a Mundu ana kashe Musulmi. Ƙanin babana yana can yana sayar da goro. Wani malamin makaranta Kirista ya ɓoye shi a rumbu, matarsa na zura masa abinci da dare. Babu wanda ya san abin da ɗayan ya yi sai bayan shekara, da muka haɗu a Kusiri muna gudun yaƙin 1980.

Ban yi karatu mai zurfi ba. Abin da na sani, sahabbai da Makka ta yi musu zafi, ƙasar Habasha aka tura su, wurin sarki Kirista, aka ce ba a zaluntar kowa a gabansa. Kawuna ya rasu yana salla biyar, bai taɓa shakkar addininsa ba, kuma duk shekara sai ya aika wa malamin nan turmin atamfa da ƙwaryar goro. Da malamin ya mutu kawuna ya hau mota har Mundu. Ban ji limamin unguwarmu ya ce masa komai ba sai "Allah ya kai ka lafiya".

Tela, kada ka yi wa yaron faɗa a gaban mutane. Tsoron Allah ne ya sa shi, bai dai san inda zai ajiye shi ba.

Malam Na Hausare:
Hajiya ta faɗi abin da nake shirin faɗa. Tela, ka zaunar da shi, ka ba shi Mumtahana 8 ya karanta da bakinsa, sannan Ma'ida 8, inda aka ce kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. In yana da sauran shubuha ka turo mini shi bayan la'asar, ina zaure. Jikan Dutse, abin da aka yi maka a neman aure zalunci ne, kuma mu malamai muna da laifin yin shiru a kansa. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu a kansa zan yi wa'azi kafin huɗuba.

Jikan Dutse:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. In za ka yi, ka yi da Fulatanci ma, don waɗanda ya kamata su ji su ji.

Telan Garwa:
Jama'a na gode, Allah ya saka wa kowa. Jiya bayan isha'i na kira yaron ɗaki, na miƙa masa waya ya karanta tun daga sama. Ya daɗe a kan maganar Jikan Dutse. Da ya gama sai ya tambaye ni wai da gaske marigayin ne ya kai shi asibiti, shi bai tuna ba. Na nuna masa tabon a ɗan yatsan ƙafarsa. Bai ce komai ba. Har yanzu yana kan cewa shi ba zai zauna a rumfar makoki ba, ni kuma ban tilasta shi ba. Amma yau da safe da na sayo buhun shinkafa da sukari, shi ya ɗauka a kafaɗa ya kai har ƙofar gidan, ya gaishe da matar, ya ce mata sannu da haƙuri Mama. Zai zo wurinka ranar Asabar, Malam.

Wani abu kuma. Sati biyu kafin ya kwanta, marigayin ya kawo mini yadi na ɗinkin Kirsimetin jikokinsa uku, ya ba da rabin kuɗi. Na auna su tun yana da rai. Daren jiya na gama na ƙaramar, saura aljihun wandon namijin. Gobe in na goge zan kai mata, kuma ragowar kuɗin ba zan karɓa ba.